Hanyar Agadas: An Soke Dokar 2015-36, Amma Ɗan Ci-rani Bai Samu Takarda Ba

Ranar 25 ga Nuwamban 2023, wata huɗu da kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan umarnin da ya soke dokar da mutanen Agadas suka fi sani da lambarta, 2015-36. Ita ce dokar da ta mayar da jigilar baƙin haure babban laifi a Nijar. Umarnin bai tsaya ga sokewa ba, har hukuncin waɗanda aka ɗaure a ƙarƙashinta ya shafe, kamar ba a taɓa yanke shi ba. Agadas ta yi murna. A Turai kuwa, kwamishiniyar harkokin cikin gida ta Tarayyar Turai a lokacin, Ylva Johansson, ta ce abin ya tayar mata da hankali, tana fargabar mace-mace za su ƙaru a Sahara. Masu murna na cewa dokar ce ta kashe mutane a hamada, masu fargaba na cewa rashinta ne zai kashe su. Kafin mutum ya ɗauki ɓangare, gara ya san su wa ke bin hanyar nan, me suke nema, kuma daga ina tafiyarsu take fara saɓa wa doka.

Hanyar ta girmi ƙasar Nijar. Ayarin raƙuma ya daɗe yana ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma ɗaukar gishiri da dabino, wasu kuma su miƙe arewa har Fezzan a kudancin Libiya. Da arzikin man fetur ya buɗe a Libiya, fari kuma ya kashe dabbobi ya ƙone gonaki a Sahel a 1973 da 1984, sai ta zama hanyar 'yan ci-rani. Matashi daga ƙasar Tawa ko Damagaram ko Maraɗi, ko daga Katsina da Kano, zai gama girbi ya ɗaure kaya ya nufi Sabha a Libiya ko Tamanrasset a Aljeriya. Can zai yi leburanci a wurin gini, ko aikin lambu, ko gadi, ko kiwo, ya aiko da abin da ya samu ko ya dawo da shi. Wani damina ce ke maido shi gida, wani sai ya shekara biyu ko uku. Teku ba ta cikin lissafinsa sam. Abin da muhawarar Turai ta saba tsallakewa ke nan: a mafi yawan shekaru, akasarin masu haye Sahara ta Nijar a Libiya da Aljeriya tafiyarsu take ƙarewa. Masu nufin Italiya sun yi yawa ƙwarai tsakanin 2014 da 2017, musamman daga kudancin Najeriya da Gini da Gambiya da Senegal, amma tsohuwar hanyar ci-rani suka tarar suka hau.

Ta fuskar doka kuwa, tun 1979 ƙasashen ECOWAS, wadda a Nijar ake kira CEDEAO, suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar 'yancin zirga-zirga. Ɗan kowace ƙasa a cikinsu yana da damar shiga ɗaya ƙasar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya mai inganci. Wato ɗan Gambiya da ya hau motar safa ya bi ta Bamako da Wagadugu da Yamai ya sauka tashar Agadas bai karya dokar kowa ba. Haka in ya wuce Dirku, haka in ya kai Madama, domin duk ƙasar Nijar ce. Libiya da Aljeriya ba sa cikin ƙungiyar, don haka sai ya ƙetare iyaka ba biza sannan ya zama baƙon haure. Tsakanin Agadas da waccan iyaka akwai ɗaruruwan kilomita na rairayi, tafiyar kwanaki, kuma a cikin wannan tazarar ne duk rigimar take.

Kafin 2016 sana'ar a fili ake yin ta. Kowace Litinin motoci ƙirar Hilux kan taru su fita daga Agadas a ayari ɗaya, sojoji na yi musu rakiya zuwa Dirku. Ana kafa sanduna a gefen bayan mota, fasinja ya rungumi sanda ƙafafunsa na lilo a waje, don kada barci ya ɗauke shi ya faɗo. Gari guda ne ke ci a wannan tafiya: direba, ɗan kamasho mai tarbar fasinja a tasha, mai gidan saukar baƙi da ake kira geto, mai sayar da jarkar ruwa, mai rawani da tabarau, mai abinci, mai gyaran taya, mai canjin kuɗi. Hukumar gari tana karɓar harajinta, jami'an da ke shingaye suna karɓar nasu. Kuma garin ba shi da wata madafa. Yawon buɗe ido da ya taɓa riƙe shi ya mutu bayan tawayen 2007 da sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a 2010. Da yawa daga cikin direbobin tsoffin 'yan tawaye ne, Abzinawa da Tubawa, waɗanda bayan sulhu suka ajiye bindiga suka kama sitiyari, gwamnati na gani kuma tana jin daɗin hakan.

Ana yawan cewa Turai ce ta rubuta wa Nijar dokar. Maganar tana da tushe amma ba ta cika ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, 33 mata. Motocinsu ne suka lalace bayan sun bar Arlit, ƙishirwa ta kashe su. Galibinsu 'yan Nijar ne daga yankin Kance a jihar Damagaram, inda mata suka saba ɗaukar yara su tafi bara Aljeriya. Abin ya girgiza ƙasar, har aka yi zaman makoki na kwana uku. Ga kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Palermo kan fasa-ƙwaurin mutane, wadda Nijar ta riga ta shiga, tana buƙatar ta yi dokar cikin gida. Da haka aka zartar da dokar a ranar 26 ga Mayun 2015, zamanin Mahamadou Issoufou. Ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar miliyoyin sefa, da hukunci mafi tsanani in laifin ya haɗa da jefa rayuka cikin haɗari, da kuma ƙwace motar da aka yi aikin da ita.

Sai dai fiye da shekara guda dokar tana kwance a takarda, ayarin Litinin na fita yadda ya saba. Abin da ya tashe ta daga Turai ya zo. A 2015 mutum sama da miliyan ɗaya suka isa Turai ta teku, akasarinsu 'yan Siriya da Afganistan da Iraƙi da suka bi ta Turkiyya, gwamnatoci suka rikice. A watan Nuwamba aka yi taron shugabannin Turai da Afirka a Valletta, babban birnin Malta, aka kafa asusun gaggawa da ya fara da yuro biliyan 1.8, daga baya ya kai wajen biliyan 5. Nijar ta shiga sahun gaba na masu cin moriyarsa. A watan Oktoban 2016 shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta je Yamai da kanta. A tsakiyar wannan shekarar aka fara kame, kuma ministan cikin gidan da ya jagoranci aikin shi ne Mohamed Bazoum.

Yadda aka aiwatar da dokar ya fi rubutunta muhimmanci. A aikace Agadas aka mayar iyaka. Duk direban da aka kama arewa da garin ɗauke da waɗanda ba 'yan Nijar ba, ana ɗaukarsa mai fasa-ƙwaurin mutane, ko da iyakar Libiya tana da sauran tafiyar kwana biyu, ko da kowane fasinja yana da takardarsa ta ECOWAS. Niyyar da ake zargin mutum da ita ta wadatar. Ɗan Nijar bai shiga wannan haramci ba, yana iya hawa mota ya tafi ci-raninsa. Sai ga Bahaushen Maraɗi ya wuce shinge, ɗan'uwansa na Jibiya, wanda ƙila kakansu ɗaya kuma wurin gini ɗaya za su a Sabha, an sauke shi, direban da ya ɗauko shi kuma ya tafi kurkuku. An ɗaure direbobi da dama, motocin da aka ƙwace suka yi ta ruɓewa a barikin soja. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya na musamman kan haƙƙin 'yan ƙaura, Felipe González Morales, ya ziyarci Nijar a 2018 ya soki wannan salo, yana mai cewa ya ci karo da 'yancin zirga-zirgar da yankin ya amince da shi. A 2022 wasu ƙungiyoyin farar hula suka kai ƙarar Nijar kotun ECOWAS a kan haka.

Masu kare dokar suna da alƙaluman da suke nunawa. Hukumar ƙaura ta duniya, IOM, tana ƙirga matafiya a Segedin da Arlit. A 2016 ta ƙirga sama da mutum 300,000 da suka nufi arewa, a 2017 adadin bai kai 70,000 ba. An yi ta yawo da wannan lissafi a Turai a matsayin nasara. To amma mai ƙirga a bakin hanya yake zaune, dokar kuwa daga bakin hanyar ta kori mutane, saboda haka wani ɓangare na raguwar ɓacewa ce daga idon mai lissafi. Akwai ma'auni na biyu. Mutum kusan 181,000 suka sauka Italiya ta teku a 2016, kuma 'yan Najeriya ne suka fi yawa, sama da 37,000. A wata shidan farko na 2017, bayan an daɗe ana kame a Agadas, masu sauka Italiya ƙaruwa suka yi a kan na wata shidan farko na 2016. Sai daga watan Yuli adadin ya faɗi warwas, lokacin da Italiya ta ƙulla da gwamnatin Tarabulus da masu gadin teku da ƙungiyoyi masu bindiga na gaɓar Libiya. A 2018 ya koma wajen 23,000. A ganina, a bakin teku aka rufe ƙofar Turai. Abin da dokar Agadas ta fi canzawa shi ne yadda ake ratsa hamada.

Wannan canjin kuma rayuka ya ci. Tsohuwar hanya rijiyoyi take bi, kuma motoci da yawa ke bin ta, in taka ta lalace wata na tafe. Da jami'an tsaro suka kafa ido a kan rijiyoyin da garuruwan da ake yada zango, direbobi suka koma fita da dare, mota ɗaya ko biyu, suna yanke ta wuraren da babu ruwa babu sawu. Tsoffin direbobi da suka san hamada, waɗanda ke da iyali da suna a gari, da yawa suka janye. Wurinsu ya koma hannun masu ƙarfin hali da waɗanda suka saba safarar wasu kayan haram. Kuɗin mota ya tashi, cin hanci a shingaye ya tashi, gidajen saukar baƙi suka koma ɓoye a bayan gari inda ake kulle fasinja kwanaki ba mai ganin halin da yake ciki. Direban da ya hango ƙurar motar sintiri, ya san shekara biyar ce ke jiransa, sai ya sauke fasinja ya ce yana zuwa. A tsakiyar 2017 mutum 44, akasarinsu 'yan Gana da Najeriya, har da jarirai, suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. Su an san da su ne domin wasu 'yan kaɗan sun tsira sun kai labari. Dokar da mutuwar mutanen Kance ta taimaka wajen haifarwa ita ce ta tura wasu cikin irin wannan mutuwar, kuma ban ga yadda za a kauce wa faɗin haka ba.

An yi wa mutanen Agadas alkawarin madadi. Aka fito da shirin sauya sana'a, wanda zai ba tsohon direba ko ɗan kamasho kayan jari na kimanin sefa miliyan ɗaya da rabi. Dubbai suka yi rajista, 'yan ɗaruruwa suka samu a zagayen farko, kuma jarin bai kama ƙafar abin da mai mota ke samu a da ba. A 2017 gwamnati ta rufe wurin haƙar zinariya na Djado, wanda ya ɗauke matasa da yawa tun 2014. Kuɗin Turai masu kauri sun tafi ga baitulmalin Yamai da horar da jami'an tsaro da manyan ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. Wanda aka ƙwace wa mota yana kallo.

Akwai wani alkawarin da ya fi wannan girma, shi ma daga Valletta. Cikin ginshiƙai biyar na abin da aka amince a taron, ɗaya shi ne buɗe hanyoyin ƙaura ta halal: bizar aiki, bizar karatu, sauƙaƙa zirga-zirga. Hujjar a bayyane take, in kana so mutum ya bar hanyar hamada sai ka nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Da ƙungiyar Oxfam ta bi diddigin asusun a 2020, ta gano abin da aka ware wa wannan ginshiƙi bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Kuɗin neman bizar Schengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, kuwa ya tashi daga yuro 60 zuwa 80 a 2020, ya koma 90 a 2024, kuma ba a mayar wa wanda aka hana. A 2024 sama da kashi 40 cikin 100 na masu nema daga Najeriya da Gana da Senegal an ƙi su. Waɗannan ma masu takardun banki ne da wasiƙar gayyata. Birkila ko mai aikin gona ba shi da layin da zai shiga, alhali gonakin tumatir na kudancin Italiya da rumfunan kayan lambu na Almeriya a Sifen da hannun irinsa suke aiki, bayan ya iso ba takarda. An toshe rariya ne ba a yi wa ruwa wata hanya ba.

Me ya sa sojoji suka soke dokar? Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin kasafin kuɗi da haɗin gwiwar tsaro, saboda haka ladan riƙe dokar ya yanke. Soke ta martani ne ga Turai, kuma kwanaki kaɗan bayan haka Yamai ta kawo ƙarshen aikin EUCAP Sahel, tawagar Tarayyar Turai mai horar da jami'an tsaron cikin gida. Sannan kyauta ce ga arewa, yankin da ya yi tawaye sau biyu, wanda sabuwar gwamnati ba ta son ya juya mata baya. Ko ma mene ne dalilin, motoci sun dawo tasha, ayari ya koma fita da rana tare da rakiya, fasinja ya daina ɓuya. Wannan ci gaba ne na gaske ga mai tafiya, kuma bai kamata ƙin mulkin soja ya hana mutum faɗinsa ba. Ambaliyar da aka yi hasashe a Turai ma ba ta zo ba. Masu sauka Italiya sun ragu daga kusan 157,000 a 2023, lokacin da dokar ke aiki, zuwa wajen 66,000 a 2024 bayan an soke ta, kuma 'yan Bangaladash da Siriya ne a kan gaba. Turai ta riga ta matsar da shingenta zuwa Tunisiya, wadda ta ƙulla da ita a Yulin 2023, da Muritaniya da Masar a Maris ɗin 2024.

Abin da sokewar ba ta taɓa ba shi ne matsayin mutum bayan ya ƙetare iyaka. Ɗan ci-rani a Aljeriya ko Libiya har yanzu ba shi da bizar shiga, ba shi da katin zama, ba shi da izinin aiki. Mai gida zai iya cinye masa ladan wata shida, ba inda zai kai ƙara. Aljeriya tana da yarjejeniya da Nijar tun 2014 ta maido da 'yan Nijar, kuma a manyan motoci ake kawo su Assamaka, garin Nijar da ke bakin iyakar ƙasashen biyu. Sauran 'yan Afirka ta Yamma kuwa a wani fili ake zubar da su da ake kira Point Zéro, su taka kimanin kilomita 15 a ƙasa kafin su kai garin. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai. A farkon 2025 Libiya ta koro 'yan Nijar sama da 600 a ayari ɗaya zuwa Dirku. A Nuwamban 2021 Nijar da Libiya sun sa hannu kan takardar fahimtar juna game da ma'aikata, wadda manufarta ita ce ɗan Nijar ya tafi aiki da biza da kwangila. Irin wannan takarda, in ta yi aiki, ta fi soke doka goma amfani ga mutumin Tawa. Amma Libiya gwamnati biyu gare ta, kudancinta kuma ba a hannun ta Tarabulus yake ba, kuma har yau a bayan Hilux akasarin masu tafiya suke shiga.

A kudu ma ƙasa ta motsa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES, suka fice daga ECOWAS, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Ɓangarorin biyu sun yi sanarwa mai kwantar da hankali: AES ta ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku har sai an ji sabon bayani. Sai dai sanarwa daban, yarjejeniya daban. Ta 1979 tana da kotun da za a kai ƙara in an take ta, sanarwa kuwa wanda ya yi ta yana iya janye ta gobe, kuma ta AES ta bar wa kowace ƙasa ikon hana wanda ta ga dama shiga. A cikin wannan watan na Janairu Yamai ta fitar da sabuwar doka kan shiga da zaman baƙi, mai neman takardar tafiya ko katin zama, da tanadin ɗauri da tara mai nauyi. Mutanen Illela da Ƙonni, da Jibiya da Maraɗi, da Maigatari da Magarya sun riga sun ɗanɗana abin da rufe iyaka ke nufi daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024, lokacin da kasuwanni suka mutu, zuwa biki ko jana'izar dangi ya koma sai ta ɓarauniyar hanya.

In gwamnatin Yamai da gaske take cewa ta soke dokar ne don 'yancin ƙasa da mutuncin talaka, aikin da ya rage a teburin tattaunawa yake, da Aljeriya da Libiya kan takardar aikin ɗan ci-rani, da Abuja kan rubuta 'yancin zirga-zirga a sabuwar yarjejeniya mai ɗaure kowa. Najeriya ma tana da nata alhakin, domin 'ya'yanta na cikin waɗanda ake zubarwa a Point Zéro. Aikin yana buƙatar jakadu da haƙuri, siyasar yankin kuwa tana yawan cinye su biyun. A watan Afrilun 2025, bayan Aljeriya ta harbo jirgi marar matuƙi na Mali a kusa da Tinzawaten, ƙasashen AES uku suka janye jakadunsu daga Aljiyas, babban birnin Aljeriya, kuma a cikin wannan watan dubban mutane aka sauke a iyakar Assamaka.